Tsalle a Tsofaffin Wasannin Kwamfuta: Ba Tauri Ne Laifi Ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ɗan fili a jaridarku don mu yi gyara a kan wata magana da ta zama ruwan dare tsakanin masu buga tsofaffin wasannin kwamfuta. Ana cewa wai duk gem ɗin da ba ka iya juya jarumin a sama bayan ya bar ƙasa, tsallensa ya lalace, wanda kuma ake iya juyawa shi ne mai kyau. Wannan awo ya yi gajarta. Akwai tsalle mai tauri kamar icce da ya zauna daram a wasansa, akwai kuma mai laushi da ya ɓata wasa gaba ɗaya. Abin dubawa shi ne ko an gina filin wasan daidai da tsallen, da kuma ko abin da ido ke gani shi ne abin da injin ke lissafawa.

Sai an fara sanin abin da injin ke yi. Na'urorin wancan zamani a Japan da Amurka suna sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa guda, kowane sabuntawa shi ake kira firem. A kowane firem, manhajar tana riƙe da lambobi biyu game da jarumin: gudunsa a kwance da gudunsa a tsaye. Idan an danna maɓallin tsalle, sai a ba shi gudun sama na farko. Daga nan kowane firem ana rage wani ɗan abu daga wannan gudun, wato jan ƙasa, har ya kai sifili a ƙololuwa, sannan ya koma faɗowa. Tsalle ke nan gaba ɗayansa: lamba ɗaya ta tashi, lamba ɗaya ta jan ƙasa, da iyakar gudun faɗuwa. Duk bambancin da hannu ke ji tsakanin wasa da wasa daga yadda aka sarrafa waɗannan lambobi yake fitowa, da kuma ko an bar mai wasa ya taɓa su bayan ƙafa ta bar ƙasa.

A Donkey Kong na kamfanin Nintendo, wanda ya fito a 1981, ba a bar shi ya taɓa komai ba. Jarumin, da ake kira Jumpman kafin ya zama Mario, yana tashi ne a lanƙwasa ɗaya tak. Ka danna, ka gama naka, saura kallo. Amma gangar da ke gangarowa an auna ta daidai da wannan lanƙwasar, don haka tambayar da wasan ke yi maka guda ce: yaushe za ka danna? Haka Pitfall! na David Crane a 1982 a kan Atari 2600, inda ake tsallake gungumen icce da kawunan kada, haka kuma Manic Miner na Matthew Smith a 1983 a kan ZX Spectrum. A ɗakunan Manic Miner guda 20, kusan kowane dakali an ajiye shi ne da sanin inda tsallen zai sauke ka. Wanda ya ce tsallen ya yi tauri bai yi ƙarya ba, sai dai ɗakin ma da wannan taurin aka auna shi.

Canjin gaske ya zo da Super Mario Bros. a 1985, kuma ya cancanci a tsaya a kansa da lambobi, domin yawancin masu yabonsa ba su san me suke yabo ba. Bulo ɗaya a wasan faɗinsa ɗigo 16 ne (ɗigo shi ne ƙwaya mafi ƙanƙanta ta hoton da ke kan allo), tsayinsa ma 16. Idan Mario na tsaye ya yi tsalle, gudunsa na farko ɗigo 4 ne a kowane firem. Muddin yatsa na kan maɓallin A kuma yana hawa, jan ƙasa 32 cikin 256 na ɗigo ne a kowane firem, wato kashi ɗaya cikin takwas. Da zarar an saki maɓallin, ko ya kai ƙololuwa ya fara saukowa, sai jan ƙasa ya koma 112 cikin 256, ninki uku da rabi ke nan. Lissafin mai sauƙi ne: wanda ya riƙe maɓallin har ƙarshe zai hau na firem 32 ya kai ɗigo 64, bulo huɗu cif. Wanda ya ɗan taɓa ya saki, bulo ɗaya da ɗan wani abu zai samu. Tsakanin waɗannan biyun akwai tsayi iri-iri, duk a ƙarƙashin babban yatsa. Idan kuma yana cikin cikakken gudu, sai a ba shi ɗigo 5 na tashi da jan ƙasa 40 cikin 256, ya kai ɗigo 80, bulo biyar. Shi ya sa akwai wuraren da ba ka hawa sai ka ja da baya ka taho a guje.

A lura da abin da wannan rashin daidaito ke yi. Hawa a hankali yake, yana ba ido lokacin zaɓen wurin sauka. Sauka kuwa da sauri take, firem ashirin da 'yan kai, don haka jarumin ba ya shawagi kamar balan-balan. A duniyar gaske dutsen da aka jefa sama lokacin hawansa da na saukarsa ɗaya ne, kuma wasannin da suka bi wannan gaskiyar sau da ƙafa su ne ake cewa tsallensu na da sanyin jiki. Hannu ba ilimin kimiyya yake nema ba, amsa yake nema.

Akwai ƙananan rangwame da aka ɓoye a ciki waɗanda ba kowa ke lura da su ba. Idan kan Mario ya goga kusurwar bulo yana hawa, ba a dakatar da shi, ana ɗan tura shi gefe ya wuce. Yana iya tsayawa a bakin rami rabin jikinsa a iska. Idan yana cikin cikakken gudu, ramin da faɗinsa bulo ɗaya ne yana bi ta kansa ba tare da ya yi tsalle ba. Kuma juyawar da ake yi a sama ba kyauta ba ce: gudun da ya taho da shi yana nan, sai dai a rage shi ko a ƙara kaɗan-kaɗan. Wato akwai gyara, amma gyaran yana da farashi.

Mega Man na Capcom, 1987, ya bi wata hanya dabam kuma ya dace. Shi ba ya ɗaukar gudu ya tafi da shi sama. Ka saki maɓallin tafiya gefe a iska, ya tsaya cak ya faɗo a miƙe; ka danna baya, ya juya nan take; ka saki maɓallin tsalle, hawan ya yanke. Da wannan iko ne aka iya gina bulullukan nan masu ɓacewa da bayyana a zangon Ice Man, da dogon jerinsu a zangon Heat Man na Mega Man 2. Da a ce tsallen Mario aka saka a wurin, santsin gudunsa zai riƙa zubar da mutum daga bulo guda ɗaya. Sonic the Hedgehog na 1991, wanda Yuji Naka ya rubuta manhajarsa, yana tashi da ɗigo 6.5, jan ƙasa kuma 0.21875, abin da ke ba shi kusan ɗigo 96. Idan aka saki maɓalli da wuri, ba jan ƙasa ake ƙarawa ba, gudun hawan ne ake datsewa zuwa ɗigo 4. Abin da ya bambanta shi da kowa shi ne ba sama kai tsaye yake tashi ba, yana tashi ne daidai da karkatar ƙasar da yake kai. A kan gangara tsallen na jefa shi gaba, a kan hawa yana iya jefa shi baya. Sabon mai wasa zai ce kuskure ne. Gwani kuwa da shi yake haye rabin zango.

To yanzu ga wanda aka fi zagi, Castlevania na Konami, 1986. Simon Belmont yana tsalle a lanƙwasa ɗaya, ba juyawa, ba rage tsayi. Idan ya taka bakin dakali ya wuce, faɗowa yake kamar an saki dutse. Ba ya iya yin tsalle ya hau matakala, ba ya iya yin tsalle ya sauka daga kanta. Idan abokin gaba ya taɓa shi, sai a wurga shi baya, kuma sau da yawa bayan nan rami ne. A takarda wannan jerin laifuffuka ne. Amma a duba yadda aka tsara maƙiyan. Kawunan Medusa suna tahowa ne a kan layi mai hawa da sauka wanda ba ya canzawa, don haka wanda ya tsaya ya ƙirga zai san ko ya wuce ta ƙarƙashi ko ya jira. Bulalar tana da ɗan jinkiri kafin ta fita, ita ma alkawari ce da ba a janyewa. Gatarin da ake jefawa yana tafiya a lanƙwasa don ya kai inda tsalle ba ya kaiwa lafiya. Har matakalar da ake kuka da ita tana da amfaninta, domin wanda aka buga yana kanta ba a wurga shi. Wasan gaba ɗaya an gina shi a kan ka yi tunani kafin ka ɗaga ƙafa, kuma duk wanda ya mutu a ciki yana iya nuna firem ɗin da ya yi gaggawa. A Super Castlevania IV na 1991 an ba Simon ikon gyara tsalle a sama da dira a kan matakala, da bulala mai zuwa kusurwa takwas. Ya fi daɗi a hannu, babu musu, amma maƙiya da yawa sun zama abin wasa, domin an ba jarumin abin da ba a ba su amsarsa ba.

Ghosts 'n Goblins na 1985 yana bakin iyaka. Tsallen Arthur ma a kulle yake, sai dai yana iya juya fuska ya yi jifa a sama. Matsalar ita ce wasu maƙiyan, musamman jan aljanin nan mai fukafukai, suna amsa motsinka ne maimakon bin hanya ɗaya. Tsalle a kulle tare da maƙiyin da ke canza shawara bayan ka bar ƙasa, wannan ya fara kama da zalunci. Maganin da aka kawo a Super Ghouls 'n Ghosts na 1991 ya nuna basira: tsalle na biyu a iska, wanda shi ma a kulle yake, amma ana iya zaɓar masa sabuwar fuska. Gyara ɗaya aka ba ka, ka san inda za ka kashe shi.

Tsalle mara kyau na gaske ba a nan yake ba. Yana inda hoto ya ce abu ɗaya lissafi ya ce wani. Injin ba ya ganin zanen jarumi, akwati yake gani, ko 'yan ɗigogi a ƙafa da kai da gefe, su yake gwadawa da ƙasa. A Ice Climber na 1985 tsallen yana da tsayi sosai amma tafiyarsa a kwance kaɗan ce, kuma sau da yawa za ka ga ƙafar jarumin ta hau gefen ƙanƙara, sai kawai ya ratsa ta ya faɗo. Mai wasa ya yi daidai bisa abin da ya gani, an hukunta shi bisa abin da bai gani ba. Daga irin wannan ba a koyon komai, sai dai mutum ya daina yarda da idonsa. Spelunker, musamman wanda ya fito a Famicom, na'urar wasan Nintendo ta Japan, a 1985, ya yi suna wajen jarumin da ke mutuwa daga faɗuwar da ba ta kai tsayinsa ba, har yana mutuwa tun bai taɓa ƙasa ba. Ƙa'ida ce mai tsauri, amma aƙalla ba ta canzawa. Jet Set Willy na 1984 ya haɗa hukuncin faɗuwa da wani kuskuren tsari: idan ka mutu ana mayar da kai inda ka shigo ɗakin, a yanayin da ka shigo. Wanda ya shigo ɗaki yana cikin faɗuwar da za ta kashe shi, haka za a yi ta mayar da shi yana faɗowa har rayukansa duka su ƙare yana kallo. Akwai ma wanda ya fi wannan: Teenage Mutant Ninja Turtles da aka mayar kan kwamfutocin DOS a Amurka yana da wani rami a magudanar ruwa wanda ba ya tsallakuwa sam, saboda rufin da ke sama ya yi ƙasa da yawa. An canza ma'aunin fili ba a sake gwada tsallen a kansa ba.

Wani laifin kuma na kayan aiki ne. Sandar wasa ta kwamfutocin Commodore 64 da Amiga maɓalli ɗaya gare ta a mafi yawan lokaci, kuma an ba harbi shi. Sai tsalle ya koma tura sanda sama, kamar a The Great Giana Sisters na 1987. Tsalle zuwa gaba yana bukatar kusurwa, wato maɓallan ciki biyu su haɗu a lokaci guda. Idan na sama ya riga na gefe da firem ɗaya, a wasan da tsallensa ke kulle, sai ka tashi a miƙe ka dawo inda kake. Idan na gefe ya riga, ka taka cikin rami. Ga kuma tsani: sama ce hawa, sama ce tsalle, kuma wasan ne zai yanke wanda kake nufi.

Prince of Persia na Jordan Mechner, 1989, shari'arsa dabam ce. An zana motsin jarumin ne daga hoton bidiyon ƙanen Mechner yana gudu da tsalle, don haka zane ne ke jan lissafi. Idan ka danna tsalle a guje, ba nan take yake tashi ba, sai ya cika takunsa. Ana danna maɓalli tun kafin a kai baki. Wanda ya zo da hannun Mario zai sha faɗawa kan ƙusoshi. Amma filin an yanka shi gida-gida daidai da takun, an kuma ba da taku na a-hankali don auna baki, da kama gefen dakali da hannu idan tsalle ya gaza kaɗan. Jinkirin ba ya canzawa, don haka ana koyonsa.

Ga matasan da ke gwada rubuta nasu wasan, kada a fara da zaɓen jan ƙasa da ka. A fara da tambaya biyu: bulo nawa ake so ya hau, kuma a firem nawa? Gudun tashi shi ne tsayi sau biyu a raba da lokaci. Jan ƙasa shi ne tsayi sau biyu a raba da lokaci sau kansa. A gwada da ɗigo 64 da firem 32, za a samu 4 da kashi ɗaya cikin takwas, lambobin Mario ke nan. Sannan a ninka jan ƙasa na sauka sau biyu zuwa uku, a kuma sa wa faɗuwa iyaka. Iyakar nan ba ado ba ce: idan jarumi na faɗowa ɗigo 20 a firem ɗaya kuma kaurin dakali 16 ne, a firem ɗaya yana samansa, a na gaba yana ƙarƙashinsa, injin bai taɓa ganin sun haɗu ba. A bar tsalle ya karɓu na firem huɗu zuwa shida bayan ƙafa ta bar baki, domin ido da yatsa ba sa tafiya tare. Donkey Kong Country na 1994 ya mayar da irin wannan ya zama dabara a fili, inda ake mirginawa a wuce bakin rami sannan a yi tsalle daga iska. Haka kuma idan an danna maɓalli 'yan firem kafin a dira, a ajiye dannawar a cika ta da zarar ƙafa ta taɓa ƙasa, in ba haka ba mai wasa zai rantse maɓallin ya ƙi aiki. Akwatin da maƙiyi ke bugu ya ɗan fi zanen jarumi ƙanƙanta, na tsayawa a ƙasa kuma ya ɗan fi faɗi. Bayan duk wannan sai a auna tsalle mafi nisa, a rubuta lambar, kada a gina ramin dole da ya cinye ta duka. Kuma idan an taɓa lamba ɗaya daga baya, kowane rami sai an sake gwada shi. Sabon Crash Bandicoot da aka sake ginawa a 2017 ya nuna dalili: an ɗan ƙara saurin saukarsa, akwatin karonsa kuma ya zama mai zagayayyen gindi, sai mutane suka riƙa zamewa daga bakin da a wasan 1996 suke tsayawa lafiya, alhali ramukan suna nan yadda suke.

Abu na ƙarshe, Malam Edita, roƙo ne ga masu rubuta sharhin tsofaffin wasanni a shafukanku. Su riƙa faɗin a kan me suka buga. Na'urorin Turai na wancan zamani suna tafiya ne a firem 50, kuma wasanni da yawa, har da Sonic na farko, ba a gyara musu lissafi ba, don haka komai nasu ya ragu da kashi ɗaya cikin shida, tsallen ya zama mai nauyin jiki. Talabijin na zamani kuma yana riƙe hoto yana gyara shi kafin ya nuna, ga manhajar kwaikwayon tsohuwar na'ura, ga hannun wasa mara waya, kowanne na iya ƙara nasa jinkirin. Mario a cikakken gudu yana cin ɗigo biyu da rabi a firem. Jinkirin firem huɗu kawai ɗigo 10 ne, fiye da rabin bulo, kuma wannan ya isa ya mayar da tsallen bakin rami ya zama faɗawa cikinsa. Kafin a rubuta cewa tsallen wani wasa ya lalace, a kunna saitin wasa da ke cikin talabijin, a sa hannu mai waya, a tabbatar sigar mai firem 60 ce, sannan a sake gwada ramin.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu karanta jaridarku